Talatar Matar Kafinta

"Miƙo hannun, Yaya," na ce mata. "Ba zan ɗauki abin nan har gida in tarar shi ma ya mutu kamar namu ba."

Matar Kafinta ta yi dariya, ta goge hannunta a zani, ta zauna a bakin gado wajen ƙafafun mijinta. Aron abin awon jini na shigo yi, don na surukata ya daina nuna lamba tun jiya. Na naɗa mata shi a damtse, na danna. Ya yi ƙugi, ya kumbura, ya saki. Na duba lambar, na matso da ita kusa da idona na sake dubawa. Ɗari biyu da goma.

"Wannan ma ya lalace," na ce.

Ta warware abin da sauri, ta kife fuskarsa a kan katifa don kada mijin ya gani, ta yafito ni da ido. Muka fita baranda. Kafinta shanyewar jiki ce ta tafi da bakinsa da ɓarinsa na dama, amma kunnensa da hankalinsa suna nan daram, ko allura ta faɗi a ɗakin ya sani.

"Bai lalace ba, Uwar Biyu," ta ce a hankali. "Nas ɗin da ke zuwa yi masa gashin ƙashi ta auna ni makon jiya. Ta ga ina dafe ƙeya. Faɗa ta yi mini kamar 'yarta, ta rubuta mini kati, wai in je asibiti ranar Talata da safe. Ranar kaɗai likitan masu hawan jini yake zama."

"To me kike jira?"

Ta waiga wajen ƙofar ɗakin. Amsar ke nan.

Daga ciki muka ji shi. "Yarinya."

"Na'am, Tsoho, ga ni nan," ta amsa tun kafin ya rufe baki.

Kalmar da ta rage masa ke nan a duniya. Ciwon ya kwashe sunayen 'ya'yansa, ya kwashe sunan zarto da guduma, ya bar masa wannan ɗaya. Mace mai shekara kusan sittin, furfura ta cinye gaban kanta, jikoki bakwai, amma wai Yarinya. Da ita yake neman ruwa, da ita yake cewa a juya shi, da ita yake godiya. Ni kuwa shekara ashirin da biyu ina gidan direban babbar mota, sunana a bakinsa bai wuce "Ke" ba. Ke, ina takalmina. Ke, Inna ta ci abinci? Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, gajeriya, kuma duk kiran da Kafinta zai yi sai ya tsallako ya same ni a bakin famfo.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu. Ina ƙyashin matar nan. Na daɗe ina ce wa kaina ba ƙyashi ba ne, gajiya ce, amma ƙarya nake yi.

Ni na riga ta shiga wannan aiki da shekara guda cur. Inna, uwar mijina, ta faɗi a banɗaki, aka dawo mana da ita daga asibiti ɓarin hagu a shanye. Kafinta da kansa, lokacin yana kan ƙafafunsa, ya ƙera mata kujera mai rami a tsaka da tayoyi huɗu, ya goge hannuwanta sumul don kada su kankare mata fata. Da nasa ciwon ya same shi, wa matarsa ta nufa tana kuka? Ni. Ni na nuna mata yadda ake ninka zanin gado a shimfiɗa ƙarƙashin mutum daga kafaɗa zuwa cinya, a ja shi da shi maimakon a ja hannun da ya mutu. Ni na ce mata duk awa biyu a juya, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a duba ƙugu da diddige ko sun yi ja. Ni na koya mata ba da abinci: a zaunar da shi sosai, a sunkuyar da haɓa, rabin cokali, ta gefen bakin da ke aiki, a jira maƙogwaro ya hau ya sauka, a leƙa kumatu ko ya ɓoye saura. Ruwa ma sai an kaurara shi, in ba haka ba ya bi ta hanyar iska.

Ni na koya mata, amma ita unguwa take yabo. Dalili kuwa, ni ina da mai karɓa ta. Duk Talata ƙanwar mijina takan zo tun safe ta zauna da uwarta har la'asar, ni kuma in miƙe ƙafa. Sai da na yi rigima har da haɗa kaya kafin a ba ni wannan Talatar, kuma har yau ba a yafe mini ba. Matar Kafinta kuwa ba ta da Talata, ba ta da Laraba. Shekara biyu ba ta wuce bakin titi ba. Mata in sun taru a shagon kayan miya sai ka ji, "Kai, matar nan 'yar aljanna ce. Ko wari babu a ɗakin. Ko ƙurji ɗaya babu a bayansa." Bayan Inna ma babu ƙurji, amma ban taɓa jin wanda ya tsaya a shago ya faɗa ba.

"Ki kira 'ya'yanki mana," na ce mata a barandar.

"Kul." Ta kama hannuna. "Kada ki kuskura. Babban jira yake yi in ce wash, ya zo ya ɗauke uban ya kai can wajensa, hawa na uku, ya ɗauko wani baƙo ya riƙa juya shi. Kin san Tsoho, in bai san hannu ba datse haƙora yake yi a kan cokali. Sati biyu ba zai yi ba." Ta murza yatsuna. Na ga abin yana yi mata nauyi kamar ta haɗiye dutse. "Ke kaɗai kika iya, ke kaɗai yake karɓa a hannunki. Daga bakwai zuwa sha biyu ne. Abincin ƙarfe tara, juyi biyu. Na san ranar hutunki ce, ƙanwata. Wallahi da da yadda zan yi…"

Wani daɗi ya ratsa ni, ba zan ɓoye ba. Gwanar unguwa ce yau take roƙona.

"Haba Yaya, har sai kin roƙa? Talata ina nan tun bakwai."

Ran Litinin da la'asar maigidana ya dawo daga tafiyar kwana shida. Kafin ya shigo gidansa sai da ya biya ya gaida Kafinta, kamar yadda ya saba. Ya same ni a tsakar gida ina wanke zanin gado na uku a ranar, bayana kamar zai rabe biyu. Ko sannu. Ya leƙa ɗakin uwarsa, ya fito yana taɓe hanci.

"Ke, ɗakin nan ba a buɗe taga ne?"

"Yanzu na gyara ta. Ka jira iska ta shiga."

"Hm. Na shiga wajen Kafinta yanzu, wallahi kamar ɗakin amarya. Matar nan ita kaɗai, ba mai kama mata, ba ta taɓa cewa a zo a karɓe ta ba. Har farce take yanke masa tana yi masa hira." Ya zauna yana cire takalmi. "Gobe ma ai Talatarki ce ko? Hutun manya."

Na ci gaba da cuɗa zanin har fatar yatsuna ta yi fari. Uwarsa ce fa. Ni na san nauyinta a kafaɗata, ni na san kalar abin da ke fita daga cikinta, shi ko sau ɗaya bai taɓa riƙe ɗaya gefen zanin juyi ba. Na buɗe baki in ce masa gwanar taka jininta ɗari biyu da goma, kuma ni ta roƙa, sai na tuna ba ta so kowa ya sani. Na haɗiye maganar. A raina na ce, to, tunda ƙarfe ce, ta yi ta yi. Mako ɗaya ba zai kashe ta ba.

Da safe ƙanwar mijina ta iso da jakarta da rediyonta. Bakwai saura na ji Matar Kafinta tana ƙwanƙwasa katanga da murfin tukunya, yadda muke kiran juna. Na taka bulon da muke takawa, na leƙa. Ta yi wanka, ta sa atamfarta mai ruwan ganye da ban ga ta sa ba tun kafin ciwon, har da kwalli. Jakar hannu a rataye a kafaɗa, katin asibiti ya leƙo daga bakinta.

"Na dama abincin, yana cikin kwano mai murfi," ta ce. "Na juya shi hagu ƙarfe shida, saura…"

"Yaya," na katse ta, na dafe goshi. "Wallahi da ciwon kai na tashi. Ko idona ba na iya buɗewa sosai. Ina tsoron in ba shi abinci hannuna yana rawa."

Ciwon kai na ce. Duk ƙaryar duniya ban samu wadda zan yi wa matar nan ba sai ciwon kai.

Ta dube ni, kuma ban san abin da ta gani ba. Sai ta zuge jakar, ta lalubo katin maganin ciwon kai wanda saura ƙwaya biyu a ciki, ta miƙo mini ta saman katanga.

"Sannu, ƙanwata. Sha wannan, yana ɗan taimaka mini. Ki kwanta, kada ki bari su tashe ki. Aikin nan ba ƙaramin cin jiki yake yi ba." Ta gyara jakar. "Talata mai zuwa ai tana nan."

"Tana nan," na ce.

Na shiga ɗaki na turo ƙofa na kwanta, ko runtsawa ban yi ba. Ina jin ta ta bayan bango. Ƙarar cokali a kwano, "Haɗiye, Tsoho, yauwa, ɗan albarka." Can ta ja masa wata waƙa da ba ta da kai ba ta da gindi, shi kuma yana wannan dariyar tasa ta rabin baki. Ko a ranar da na hana ta asibiti, gidanta ya fi nawa daɗi, abin da na kwanta ina tunani ke nan.

Laraba ban shiga ba, Alhamis ma haka. Ran Juma'a ta miƙo mini ayaba uku ta katanga, wai sun yi laushi daidai bakin Inna. Idonta ɗaya ya yi ja kamar an ɗiga jini a ciki. Na ce, "Yaya, idonki." Ta ce hayaƙi ne. Na ce Talata dai ina nan, ko me zai faru. Wannan karon da gaske nake, Allah shi ne shaida. Ta ce ta sani, jakar ma ba ta kwance ba.

Ran Asabar da hantsi ina ba Inna abinci, na ji shi.

"Yarinya."

Na saurara in ji "Na'am, Tsoho." Shiru.

"Yarinya."

Na kai cokali bakin Inna, na jira ta haɗiye. A raina na ce, oho, yau dai gwana ta makara. Ashe ita ma takan bar shi ya kira sau biyu. Har murmushi na yi, ina goge wa Inna haɓa.

Ya kira na uku, ya kira na huɗu. Ina ƙirgawa. Na so a ce maigidana yana gida ya ji da kunnensa. Sai a na bakwai ko na takwas muryar ta canja, ta zama wani irin gurnani da ban taɓa ji ba, kalmar tana kakkaryewa a tsaka. Sannan na ji wani abu ya faɗi ya fashe. Ashe kofin da ke gefen gadonsa ya ture da hannun mai lafiya.

Na ajiye kwano na fita da gudu, na taka bulo.

Tana kwance a gefen bahon wanki, ƙarƙashin igiyar shanya, ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Zanin gado ɗaya yana rataye da maƙali guda, ɗaya gefen yana jan ƙasa. Famfo na zuba, bokiti ya cika yana malala har ƙarƙashin kanta.

Ban san yadda na tsallake katangar ba, sai daga baya na ga gwiwata ta yage. Na ɗago kanta. Bakinta ya karkace, irin karkacewar da na sani sarai, numfashinta yana fita da minshari. Na yi ta ihu har mai shagon kayan miya da mai gyaran babur suka shigo, aka samo mota. Kafin a fita da ita na ji Kafinta yana ta kira, ba wanda ya tuna da shi. Mata biyu suka bi motar. Ni na koma ɗakin, don ƙarfe goma ta wuce kuma tun takwas yake kwance a gefe ɗaya. Na kama zanin na juya shi. Ya kafe ni da ido.

"An kai ta asibiti, Baba," na ce. "Za ta dawo."

Ba ta kai la'asar ba. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kai.

'Ya'yan suka iso a ranar, maza biyu da autarsu mace. Gida ya cika. Kwana biyu ina tsakanin gidan nan da namu, ina dafa ruwan zafi, ina juya tsofaffi biyu, ina jin abin da masu gaisuwa ke faɗa. Kowa da irin yabonsa, amma duk a wuri ɗaya suke tsayawa. Babban ɗan, ido jawur, ya ce wa maigidana a baranda, "Kullum na kira sai ta ce lafiya lau. Da ta ce mana ko kanta ke ciwo…"

"Ai ba ta iya ba," in ji maigidana. "Baiwar Allah nan har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa neman taimakon kowa ba."

Ina tsaye da butar shayi a hannu. Na zuba wa kowa, ban zubar da ko ɗigo ba. Da muka koma gida ya ce, "Ke, lafiya? Tun jiya ba ki ci komai ba." Wannan ne karo na farko a shekara uku da ya lura da cikina, shi ma albarkacinta.

"Ta nema," na ce.

"Wa?"

"Ta nemi taimako. Sau ɗaya."

Ya tsaya yana jiran sauran. Inna ta yi tari a ɗaki, na wuce wajenta.

Ran Talata da safe, ƙanwar mijina ta shigo ke nan, autar Kafinta ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Fuskarta ta kumbura da kuka.

"Anti, ki taimaka. Tun shekaranjiya in ba ke ba ba ya buɗe baki. Yaya ya gwada, na gwada, datse haƙora yake yi. Jiya na ba shi ruwa ya sarƙe har ya yi baƙi, na zaci shi ma tafiya zai yi. Yaya ya ce sai ya ɗan yi ƙarfi za a iya ɗaukarsa a mota."

"Ruwan haka kika ba shi, ba ki kaurara ba?"

"Ban sani ba, Anti. Mama ba ta taɓa bari mu yi ba."

Na duba agogo. Bakwai da 'yan mintuna. Na ɗauki mayafina.

Ɗakin ya fara wari, kwana uku kacal. Na buɗe taga, na sa autar ta kama ɗaya gefen zanin, na nuna mata inda za ta sa ƙafa da yadda za ta lanƙwasa gwiwa don kada bayanta ya tafi. Muka ɗaga shi zaune, na tokare shi da matasai. A ƙugunsa na dama na ga wani ja kamar faɗin kwabo, na farko a shekara biyu. Na nuna mata, na ce wannan shi ne abokin gaba, ta kira yayyenta su ma su zo su gani, don aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Ta fita kiransu.

Muka rage ni da shi. Na ɗebo rabin cokali, na taɓa haɓarsa ya sunkuya. Bai buɗe ba. Idonsa yana kan ƙofa.

"Baba," na ce. "Ranar nan da ta yi kwalliya ba ta fita ba, ka tuna? Asibiti za ta. Ni ce na ce zan zo ban zo ba. Kaina bai yi ciwo ba."

Ya juyo da idonsa kaina. Ya daɗe yana kallona, gefen bakin mai aiki yana rawa. Na so ya zage ni, na so ya tofa mini abincin a fuska. Ba shi da abin zagi. Kalma ɗaya gare shi, kuma ba tawa ba ce.

"Yarinya," ya ce, a hankali, ba da sigar kira ba. Hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa sosai, ya bi kumatunsa.

Ko a lokacin, Allah ya yafe mini, sai da na ji ɗan wannan abu ya motsa a ƙirjina. Tana cikin ƙasa kwana uku, amma har yanzu ta fi ni mai kira.

Na goge masa kumatun da gefen mayafina. Na sake kai cokalin ta gefen hagu, na jira. Can ya buɗe. Na zuba ido a maƙogwaronsa har ya hau ya sauka, na ɗebo wani rabin.

Iska ta shigo ta tagar da na buɗe, ta tura ƙofar ɗakin ta rufe. A bayan ƙofar, a jikin ƙusa, jakar hannunta tana rataye, atamfar mai ruwan ganye a ninke a kanta, katin asibitin ya leƙo daga bakin zif ɗin.